Mega Dubu Shida a Injin Alhaji Iro

New Bell, Duwala
Litinin, 18 ga Fabrairu 2008

Aikin farko: buɗe ɗakin babban inji, duba allo.

Rahmatu ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Zariya. Idan kin leƙa Kano ki gaishe mini da Baffa da mutanen gida. Nan muna lafiya. Gwiwar mai ɗakina Mairama ta yi sauƙi, har tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Zafi ne dai ya hana mu sakat, wuta kuma sai ta ga dama. Wayata tana wajen mai gyara a babbar kasuwa, Marché Central, shi ya sa na biyo ta imel.

Ki yi haƙuri da layin da ke sama. Kin san halina, in ban rubuta aikin farko ba, ba na iya kama komai.

Injin kwamfutar da kika saita mana bara a ofishin Alhaji Iro, wanda ke riƙe da takardun duk kayan da muke fitar wa 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa, yau ya ba ni tsoro. Kin koya mini in riƙa duba layin swap kowace safiya. Kin ce swap kamar sito ne a bayan shago: idan aiki ya yi wa ƙwaƙwalwar injin yawa sai ya kai saura can, in kuwa siton ya fara cika to akwai matsala. Tun tafiyarki lambar ba ta wuce mega biyar ko shida ba. Yau da safe na ga 6144 Mo, wato mega 6144, kuma da jan launi.

Na goge tabarau. Na rufe allon na sake buɗewa. Tana nan.

Na so in yi shiru sai na ji daga gare ki, amma Alhaji ya wuce ta bayana ya hango jan. Ya tambaye ni ko injin zai mutu ne da takardun motocin Chadi a cikinsa. Na ce ban sani ba, zan tambayi wadda ta sani. Kin san ni a sakandare na tsaya, abin da kika nuna mini kawai nake bi. Me zan yi?

Yayanki,
Jibirilla

Zariya
Laraba, 20 ga Fabrairu

Yaya Jibirilla,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin gwiwar Anti Mairama. Baffa lafiya lau, kullum sai ya maimaita mana yadda kakanka ya bar ɗan uwansa, kakana, a Kano ya bi goro har bakin teku bai waiwayo ba. Ni ma lafiya, sai dai jarrabawa ta sa ni gaba, don haka zan taƙaita.

Idan da gaske swap ya kai dubu shida, to wani abu mai nauyi sosai yana gudana a cikin injin wanda ba na aikinku ba ne. Ka bincika ko wani ya sa sabon abu kwanan nan. Amma lambar ta ɗaure mini kai. Na manta girman siton da na yanka wa wannan injin, injuna da yawa na taɓa tun daga lokacin. Ka kwafo mini duk abin da allon ya nuna, ba layi ɗaya ba. Ka kuma faɗa mini ko injin yana jan ƙafa wajen aiki.

Ka daina cewa a sakandare ka tsaya. Ban taɓa ganin mai tsari irinka ba, har aikin farko kake aiko mini.

Ƙanwarka,
Rahmatu

New Bell
Juma'a, 22 ga Fabrairu

Aikin farko: duba allo. Ba ta sauka ba.

Rahmatu,

Ina gaisuwa, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Muna lafiya a jiki, amma ofis ba daɗi.

Na karanta wa Alhaji wasiƙarki. Da na zo wajen ko wani ya sa sabon abu, ya ce in tsaya nan, ya ji abin da yake nema. Ya tara mu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce bai sa komai ba, har da Sali. Kina tuna shi, Bafillacen Garwa mai buga mana takardu, wanda ya riƙa kawo miki shayi yana ce miki uwargida injiniya, wato Madame l'ingénieur.

Alhaji ya ce in bincika, na bincika. Na samu wata jaka a cikin injin an sa mata suna BABA, cike da sauti. Na kunna ɗaya. Muryar wani dattijo ce yana karatun Alƙur'ani, da kukan zakara can nesa. Sali yana daga teburinsa ya ji, ya miƙe tsaye.

Mahaifinsa ne, ya rasu shekarun baya. Kaset-kaset ɗin da ya bari raɓar Duwala ta cinye su, sai Sali ya kai wani shago a unguwar Akwa aka ceto abin da ya ragu. An zuba masa a makullin USB, wato filash, na aro, mai shi ya matsa a mayar masa, shi kuma ba shi da kwamfuta a gida. Ya ce ya ji tsoro ne da aka tambaye shi a gaban mutane.

Alhaji ya ce ƙaryar ta fi masa zafi, kuma in goge jakar a gabansa. Na ce sai bayan azahar, injin yana aiki. Kin san ba na goge abu ban kwafa ba. Da suka fita salla na zuba ta a faifan CD na sa a aljihun tebur, ban faɗa wa kowa ba. Bayan azahar na goge, Sali yana kallo.

Rahmatu, lambar ba ta motsa ba.

Yanzu Alhaji ya ce tunda an goge ba ta sauka ba, to Sali ya ɓoye wani abin da ya fi wannan, wataƙila wani ofishin ne ya saye shi yana kwasar sunayen masu kayanmu. Ya ce Sali ya zauna a gida. Kuma tunda limamin masallacin unguwarmu ne ya kawo Sali ya tsaya masa lokacin da aka ɗauke shi, Alhaji ya ce can zai mayar da maganar. Matar Sali, Hawwa, tana da tsohon ciki. Idan aka ce masa maci amana a ƙofar masallaci, babu Bahaushe ko Bafillace a tashar nan da zai sake ba shi ko takarda ɗaya ya buga.

Ga abin da kika nema:
SWAP total: 1024 Mo
SWAP utilisé: 6144 Mo

Na ga na ƙasan, abin da ke cikin siton, ya fi na saman, girman siton kansa, abin ya dame ni, amma na ce wataƙila akwai wani lissafin da ba a koya mini ba. Injin kuwa ba ya jan ƙafa ko kaɗan, kamar kullum yake.

Na manta ban yi miki godiya ba. Gyaran da kika aiko wancan watan, wanda ke mayar da allon Faransanci, sai Asabar da ta wuce na samu na sa shi kafin in tashi. Yanzu ina karanta komai ba wahala. Allah ya saka da alheri.

Jibirilla

Zariya
Litinin, 25 ga Fabrairu

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai yau na fito daga jarrabawa na buɗe saƙonka.

Kada ku taɓa Sali. Injin lafiyarsa ƙalau. Laifina ne.

Siton mega 1024 ne gaba ɗayansa, ba yadda za a yi a zuba 6144 a ciki. Abin da ya dame ka shi ne gaskiyar maganar. A gyaran da na aiko maka ba harshe kaɗai na canza ba, na canza inda shirin ke ɗauko lambar swap da aka yi amfani da shi. Tsohon wurin da mega yake ba da ita. Sabon wurin da kilo yake bayarwa, kuma sai kilo 1024 suke yin mega ɗaya. Na manta ban raba ba, na bar Mo a gefen lambar. Kilo 6144 mega shida ne, Yaya. Shidan da ka saba gani tun bara.

Ban san ka sa gyaran ba, da tun wasiƙar farko na gane. Kuma sauti da ke ajiye ba a kunna ba ba ya taɓa swap, ko da ya cika injin.

Na haɗo da gyara. Ka sa shi, ka kira Alhaji ya gani da idonsa. Na kira wayarka har na gaji, sannan na tuna tana wajen mai gyara. Lambar Alhaji ba ni da ita. Don Allah ka amsa mini yau.

Rahmatu

Zariya
Laraba, 27 ga Fabrairu

Yaya Jibirilla,

Rediyo yana ta maganar Duwala: yajin direbobi, an tare hanyoyi, ana harbi. Baffa bai ci abinci ba jiya. Kuna ina? Anti Mairama da yara fa? Ko layi ɗaya ne ka aiko.

Kuma ka buɗe saƙona na Litinin kafin komai.

Rahmatu

New Bell
Litinin, 3 ga Maris

Aikin farko: share fasassun gilasai a ƙofar ofis.

Rahmatu,

Muna raye, dukanmu. Ki gaya wa Baffa. Mako guda ba mota, ba bendskin, wato acaɓa, ba kasuwa. Hayaƙin taya ya shiga har cikin tufafin da ke akwati. Mun ci shinkafa da manja har yara suka daina tambayar miya. Wani yaron maƙwabtanmu ya fita neman burodi, har yau ana zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda ana nemansa. Sauran sai mun haɗu, ba zan iya rubutawa ba.

Yau aka buɗe ofis. Na karanta saƙonki na Litinin a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na sa gyaran. Allon ya ce 6 Mo, da koren launi. Na daɗe ina kallonsa.

Saƙonki yana kwance a nan tun Litinin, abin kuma ranar Laraba ya faru.

Da yake ba mai iya fita unguwa, maza duk a ƙofar masallaci suke wuni, har da fataken Nijeriya da hanya ta rufe da su. Ban taɓa ganin cikar la'asar irin ta ranar ba. Nan Alhaji ya tayar da maganar. Liman ya so a bari sai gari ya lafa, Alhaji ya ce amanar mutane ce a hannunsa, ba zai jira ba. Ya nemi Sali ya rantse cewa ban da muryar mahaifinsa bai sa komai a injin ba.

Sali ya sake alwala. Ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse, muryarsa ba ta yi rawa ba. Na ji sanyi a raina, na ce magana ta ƙare.

Sai Alhaji ya juyo ya ce, "Jibirilla, bayan an goge, lambar ta sauka?"

Na ce ba ta sauka ba.

"Injiniyar me ta ce?"

Na ce kin ce wani abu mai nauyi yana gudana a ciki wanda ba na aikinmu ba. Haka na faɗa. Na haddace layin, amma daga tsakiya na ɗauko shi, na bar farkonsa inda kika nuna shakka. Ban kuma ce siton ya fi ƙanƙanta da abin da aka ce yana ciki ba. Yana bakina. Na dubi yawan mutanen, na ce idan na faɗa aka tambaye ni dalili ban sani ba fa?

Ba wanda ya zagi Sali. Mutane dai suka ɗan ja da baya daga inda yake, tabarma ta yi fili a gefensa. Kin san abin da ake jira ya sami wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya. Mairama ta ce tun daga ranar ba wanda ya aiki yaro sayen ƙosan Hawwa, alhali a makon nan ko ƙanzo ka fitar sai an saya. Mata suna cewa Allah dai ya sa abin kada ya faɗa kan cikin.

Yau ɗin na kira Alhaji na nuna masa koren. Na yi masa bayani har sau biyu. Ya zauna ya cire hula, ya ce, "Wato ba komai?" Na ce ba komai, tun farko. Sannan ya ce in je in gaya wa Sali ya dawo aiki gobe, a bar maganar.

Na je. Sali yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara ƙafar murhu. Ya saurare ni har na gama, ya sa na maimaita maganar kilo da mega. Ya yi wata dariya da ban so ba, ya kira ni Grand, wato babba, yadda ya saba.

"Grand, a ofis aka ce na rantse a kan ƙarya?"

Na ce a'a.

"To me zan je yi a ofis?"

Na koma wa Alhaji. Ya ce shi ba zai tsaya a gaban fatake ya ce kwamfuta ta ruɗe shi ba, gobe wa zai ba shi takardun kayansa? Ya ce in Sali yana son aikinsa ƙofa a buɗe take, in kuma wani ya kai maganar masallaci to ya san da wa yake yi. Ni yake nufi.

Ban san me zan yi ba. Ban taɓa magana a gaban mutum goma ba tare da harshena ya sarƙe ba.

Jibirilla

Zariya
Talata, 4 ga Maris

Yaya,

Alhamdu lillahi da kuna lafiya. Baffa ya yi sujada. Allah ya bayyana yaron maƙwabtanku.

Na kasa shiga aji yau. Layi ɗaya ne, rabawa ɗaya da ban yi ba, ina sauri in faranta maka da Faransanci. Ban gwada a kan kowane inji ba kafin in aiko.

Ba zan ce maka ka yi ko kada ka yi ba, kai ke da iyali a garin, kai ke cin abinci a hannun Alhaji. Amma in za ka yi magana, ka faɗi sunana da na ubana. Ka ce Rahmatu 'yar Saminu ta Kano ce ta yi kuskuren lissafi. Kada ka ce kwamfuta, za su ɗauka wani aljani ne da ba a iya kamawa. Ka roƙa mini gafarar Sali da Hawwa, in sun ƙi ma ban ga laifinsu ba.

Kuma Yaya, ka gani tun ranar Juma'ar nan. Kai ka fara gani, ba ni ba.

Rahmatu

New Bell
Juma'a, 7 ga Maris

Aikin farko: zuwa gidan liman kafin ofis.

Rahmatu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. An yi ruwan farko jiya, kwatar ƙofar gida ta cika ta kawo.

Na yi maganar, yau bayan la'asar. Na rubuta abin da zan faɗa, na bita da Mairama har ta haddace, amma da liman ya ce Jibirilla yana da magana sai takardar ta jiƙe a hannuna. Na fara da mega da kilo. Na ga fuskoki ba wanda ya gane. Na koma Faransanci, abin ya ƙara lalacewa. Wani daga baya ya ce a yi Hausa. Na faɗi sunanki da na Baffa kamar yadda kika ce, na ce ni kuma na ga alamar kuskuren na yi shiru, kuma ranar Laraba rabin maganarki na faɗa.

Malam Yusufa mai goro, wanda kunnensa ɗaya ba ya ji, shi ya cece ni. Ya ce in matso in sake faɗa masa a hankali. Na sake. Ya ce, "Tsaya. Wato goro aka ƙirga ɗai-ɗai, mai rubutu ya rubuta huhu?" Na ce haka ne, Baba. Ya juya ga mutane ya ce yaro ya ƙirga goro dubu shida ya rubuta huhu dubu shida, a siton da ba ya cin fiye da huhu dubu, aka kama mai shara aka ce shi ya shigo da su.

Wani Bakano ya yi salati a hankali, wasu suka karɓa. Liman ya miƙe ya ce rantsuwar Sali gaskiya ce, duk wanda ya kai wata magana gidansa ya koma ya warware ta yau, tun kafin magariba. Na nemi Alhaji da ido. Takalmansa ba sa bakin ƙofa.

Mutane suka yi layi suna ba Sali hannu. Ya karɓi na kowa. Da aka watse na isar masa da saƙonki. Ya ce ki kwantar da hankalinki, Madame l'ingénieur ba ta san shi da sharri ba, ya yafe. Na ce to Litinin sai ofis, ko ba wajen Alhaji ba, yanzu kowa zai ɗauke shi.

Ya ce sun riga sun sayar da gado da murhu. Gobe za su hau motar Yawunde, daga can jirgin ƙasa zuwa Ngaundere wajen 'yan uwan Hawwa. Ya ce ya gode da sunansa da na mayar masa, da shi zai tafi. Amma Hawwa ta ji abin da mata suka ce game da cikinta, ta ce ba za ta haihu a hannunsu ba, shi kuma ya ga yadda tabarma ta yi fili.

Sai na ce masa faifan yana aljihun teburina.

Ya ce wane faifai?

Rahmatu, ashe ban taɓa gaya masa ba. Ranar da na kwafa tsoron Alhaji ya hana ni, bayan nan yaji ya zo, bayan nan kunya. Duk kwanakin nan yana zaton muryar mahaifinsa ta tafi, a gabansa na goge ta, kuma ko sau ɗaya bai ambata mini ba. Da ya gane, sai ya zauna a kan dakalin masallaci ya rufe fuska da hularsa. Na tsaya a gefensa har aka kira magariba.

Alhaji bai aiko ba, ban san ko makullin ofis zai kwana biyu a hannuna ba. Mairama ta ce in ci abinci in daina lissafin abin da bai zo ba. Ki gaishe da Baffa.

Yayanki,
Jibirilla

Na gobe:
Ofis da sassafe, ɗauko faifan, kunna shi a tabbatar yana yi.
Kwafi na biyu, ko na farkon zai karce a hanya.
Tashar motar Yawunde. Mairama ta ce a kai wa Hawwa zanen goyo.
Karɓo waya wajen mai gyara, rubuta lambar Sali.
Gaishe da Alhaji, ko ya amsa ko bai amsa ba.
Kwatar ƙofar gida.
Duba allo. Layi biyun, ba ɗaya ba.